Karya Ta Haihu A Gidan Fasto



Shugabannin Zumuntar Matasa sun roƙe ni in rubuta wani abu game da kasuwanci, domin a yau da wuya ka sami matashi a ikilisiyarmu wanda ba ya sayar da wani abu ta waya. Wannan takalma, waccan turare, wancan kajin Kirsimeti. Na zauna zan shirya muku koyarwa mai kan magana uku kamar yadda muke yi a aji, sai na ga ba zan iya ba sai na fara gaya muku abin da ya faru a gidana a shekarar 2024. Dattawan ikilisiya sun riga sun ji daga bakina. Ɗana kuma ya yarda in rubuta.

Wanda ya duba kan maganar nan da kyau zai ga na rubuta karya, wato macen kare. Amma mu mutanen kudu da yawa bakinmu ba ya raba karya da ƙarya. A wannan labari dukansu biyu sun haihu a gidana.

Sunan karyarmu Kyauta, domin kyauta aka ba mu ita. Wani ɗan'uwa da aka yi wa canjin wurin aiki ne ya kawo ta tana 'yar kwikwiya a shekarar 2021. Kun tuna wannan shekara. A ranar 5 ga Yuli aka kwashe ɗalibai 121 daga makarantar Bethel Baptist da ke Damishi, a kan hanyar Kachia. Daga Sabon Tasha zuwa Kamazou, daga Ungwan Romi zuwa Gonin Gora, mutane suka daina barci da ido biyu a rufe. Wanda bai taɓa son kare ba ya fara neman kare. Kare ba zai tare bindiga ba, kowa ya sani, amma zai tashe ka kafin a iso ƙofarka. Daga nan kuɗin kwiyakwiyai ya tashi a wannan gefen kogi, musamman irin na ƙasashen waje.

Uwar Kyauta Alseshan ce, irin karen nan na Jamus mai tsayayyun kunnuwa da ake gani wurin 'yan sanda. Ubanta kuwa karen unguwa ne. Wato ita ruwa biyu ce, kuma mun san haka tun ranar da ta shigo gidan.

Bayan an cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, albashina na kwalejin tauhidi da ɗan abin da ikilisiya take ba ni suka daina kai mu ƙarshen wata. Ga shi ɗanmu na fari ya sami shiga jami'a, kuma mun lissafa kuɗin rajista da ɗaki da sauran kaya sun kai wajen naira 350,000. Shi ne ya kawo shawara. Ya ce, "Baba, mu kai Kyauta barbara wurin Alseshan mai kyau, mu sayar da 'ya'yan." Na ga shawara ce ta yaro mai tunani. A watan Yuli muka kai ta wurin wani mutum a Barnawa mai babban namiji baƙi da ruwan ƙasa, muka biya naira 20,000.

Kwana uku bayan haka muna addu'ar gida-gida a falonmu, ana ruwan sama, wani ya shigo ya bar ƙofar waje a buɗe. Da muka fito rakiya sai muka tarar da jan karen maƙwabcinmu a tsakar gida tare da Kyauta. Muka kore shi. Ni da ɗana muka kalli juna, ba wanda ya ce komai.

Karya takan ɗauki ciki wajen kwana 63. A watan Satumba, da tsakar dare, Kyauta ta haifi bakwai a cikin ɗakin ajiya. Ɗaya ya mutu a rana ta biyu, saura shida. Huɗu baƙaƙe masu ruwan ƙasa a ƙafafu da fuska, kamar an zana na Barnawa. Biyu kuwa jajaye ne masu farin ƙirji. Ba sai an kira maƙwabci ya ba da shaida ba.

Likitan dabbobi da ya zo duba su ya yi dariya. Ya ce wannan ba abin mamaki ba ne, domin karya takan saki ƙwai da yawa a lokaci ɗaya, kuma idan maza biyu suka same ta cikin kwanakin nan, haihuwa ɗaya za ta iya zama da uba biyu. Sa'an nan ya ƙara maganar da ban so ji ba. Ya ce, "Fasto, ko baƙaƙen nan huɗu, tun da uwarsu ruwa biyu ce, iyakarsu kashi uku cikin huɗu. Yanzu suna kama da ubansu. Sai sun kai wata biyar ko shida za a ga gaskiyar girmansu da kunnuwansu da gashinsu."

Ɗana ya buɗe littafi yana rubuta kowane kobo, kuma na yaba masa. Barbara 20,000. Abincin uwa da 'ya'ya har mako takwas, wato garin masara da kan kifi da ƙwai da ƙashi daga kasuwar Sabo, 48,000. Maganin tsutsar ciki da na kaska 7,000. Allurar rigakafi ta farko, 5,000 sau shida, 30,000. Kuɗin keke da ƙananan abubuwa 5,000. Duka naira 110,000, ba a sa wahalar tashin dare da wankin ɗaki ba.

Da ya tambayi kasuwa, ya sami farashi hawa uku a lokacin. Alseshan zalla ana neman 120,000 ko fiye. Ruwa biyu 35,000 zuwa 40,000. Karen gida kuwa ko 10,000 sai an yi ciniki. Ba sai ka yi digiri ba za ka ga abin da muka gani. Idan huɗun nan zalla ne, 480,000 ke nan, an biya makaranta har da canji. Idan ruwa biyu ne, 160,000.

Wani saurayi mai dillancin karnuka ya zo ya gan su suna mako biyar. Ya ɗaga ɗaya ya duba tafin ƙafarsa, ya ce, "Baba, waɗannan ai orijinal ne a ido. Ku sa hotonsu da hoton uban. Kada ku sa na uwar. Jajayen ku kai su bayan gida. Ku sayar da wuri kafin su girma." Na ce masa ai uwar ruwa biyu ce. Ya ce, "Wa zai tambaye ku? Ku Fasto ne. Bakinku ya fi takarda."

Ban ce masa i ba. Amma ban ce a'a ba. Na ce za mu yi tunani.

Washegari ɗana ya sa hoton baƙaƙen huɗu a WhatsApp da Facebook, kusa da hoton babban karen Barnawa. Ya rubuta, "'Ya'yan wannan ne. 120,000." Na gani a wayata ina cikin mota zan tafi aji. Na karanta sau biyu ina neman kalmar ƙarya a ciki, ban samu ba. 'Ya'yansa ne, haka muke zato. Farashi kuma kowa yana da iko ya sa wa kayansa. Na mai da wayar aljihu. Kwana bakwai tallar tana nan, kullum ina ganinta, kullum ina ba kaina wannan amsa. 'Yan'uwa, ku yi hankali da ilimi. Shekarun da na yi ina koyon rarrabe kalmomi, su ne suka taimake ni na gina wa kaina wurin ɓuya.

A rana ta bakwai wata mama ta zo daga Gonin Gora. Ba 'yar ikilisiyarmu ba ce, wata ce ta tura mata hoton. Gwauruwa ce, malamar firamare da ta yi ritaya, tana zama da jikoki biyu. Sau biyu ɓarayi suka haura mata katanga cikin damina. Ta ce ta ɗauki adashi ne musamman domin kare. Kafin ta iso mun rufe Kyauta da jajayen a baya, muka ce wa kanmu don kada ta ciji baƙuwa ne.

Ta zauna ta ɗauki ɗaya a cinya tana shafa shi. Ba ta taya ba. Ta ce, "Baba Fasto, ni ban san kare ba. Da a kasuwa ne da na zo da wanda ya sani. Amma tun da gidanku ne, hankalina a kwance yake. Na asali ne ko?"

Na ce, "Mama, ai kin ga hoton ubansu."

Ta ce ta gani, ya yi kyau. Ta ƙirga naira 60,000 kafin alƙalami, za ta kawo sauran ranar ɗauka. Na yi mata addu'a kafin ta tafi. Wannan addu'ar ita ce ta fi damuna har yau.

Da dare matata tana ninke kaya, ba ta ko ɗaga kai ba, ta ce, "Maigida, ba uban ta tambaye ka ba."

Na fara bayani. Ta bar ni na gama, sa'an nan ta ce, "To. Idan kare ya girma ta ga ba shi ba ne, wa za ta ce ya cuce ta? Dillali, ko Fasto?" Ta kashe fitila.

A makon nan ina koya wa ɗalibai littafin Ayyukan Manzanni, mun iso sura 5, labarin Hananiya da Safiratu. Na koyar da wurin nan ba sau ɗaya ba, amma da asubar nan na karanta shi kamar wanda aka kira gaban alƙali. Ku buɗe ku karanta aya 1 zuwa 11 da kanku. Ku lura da abin da Bitrus ya tsaya a kai. Bai zarge su don sun sayar da fili ba. Bai zarge su don farashi ba. Ya ma nuna wa Hananiya cewa filin nasa ne kafin ya sayar, kuɗin kuma suna hannunsa bayan ya sayar. Laifin shi ne sun shirya abin yadda jama'a za su gaskata abin da ba haka yake ba. Ku kuma lura, a cikin labarin ba a rubuta mana kalma ko ɗaya da Hananiya ya faɗa ba. Ya kawo kuɗi ne ya ajiye, ya bar mutane su ɗauka duka ne. Ni ma haka na yi. Na ajiye hoton uba, na rufe uwa a baya, na bar gwauruwa ta ƙarasa ƙaryar da kanta.

Da gari ya waye na ce wa ɗana ya shirya. Muka hau keke zuwa Gonin Gora da kuɗinta a aljihuna. Muka same ta tana shara. Na gaya mata duka, uwar ruwa biyu ce, akwai jajaye biyu a bayan gida, kuma amsar da na ba ta jiya ta kauce wa tambayarta ne da gangan. Na roƙe ta gafara.

Ta daɗe ba ta yi magana ba. Sa'an nan ta ce, "Baba Fasto, ni kare mai haushi nake nema. Da kun ce mini ruwa biyu ne, da na saya, in yi cefane da sauran kuɗin." Ta karɓi kuɗinta ta ƙirga a gabana. Jiya da ta ba ni ba ta jira na ƙirga ba. Ta ce ta yafe, za ta yi shawara. Ba ta dawo ba, kuma ban ga laifinta ba.

A hanyar dawowa ɗana bai ce uffan ba sai da muka wuce Command. Ya ce, "Baba, kwana bakwai kuna ganin tallar nan. Da kun ce in cire, da na cire." Gaskiya ya faɗa. Yaro ya sa hoto, amma ubansa yake kallo ya ga ko an yarda, shirun da na yi kuwa shi ne izinin. Na roƙi gafararsa shi ma, a cikin keke, mai keke yana ji.

Da yamma muka sake rubuta tallar tare. Muka sa hoton uwa da na uba da dukan shida. Muka rubuta cewa uwar rabin Alseshan ce, baƙaƙen muna zaton 'ya'yan Alseshan ne, jajayen na karen gida ne, an yi musu allurar farko da maganin tsutsa, akwai katin likita, ba za a ɗauka ba sai sun cika mako takwas, kuma mai saye ya zo ya ga uwar da idonsa. Baƙaƙen 40,000, jajayen 15,000.

A nan na koyi darasi na biyu. Faɗin gaskiya ba ya nufin ka zubar da kayanka. Mutanen da jiya suke yaba hoton, yau suka zo suna kushe. Wani ya ce barbarar yanyawa ne, ya taya 10,000, alhali yana riƙe da kwikwiyon ya ƙi ajiyewa. Karin Magana 20:14 ta san irin wannan mai saye, wanda yake raina kaya a gaban mai shi, in ya tafi kuma ya yi ta fahariya da arahar da ya samu. Wasu 'yan'uwa kuma suka ce ai Fasto ba ya sayar da kare, sai dai ya bayar. Na nuna musu littafin ɗana. Kowane kwikwiyo ya ci mana fiye da 18,000 kafin a yi maganar wahala. Na ce albarka, ban ji kunya ba. Mai gaskiya yana da iko ya tsaya a kan farashinsa, domin ba abin da yake ɓoyewa.

Mutum ɗaya muka hana ko da ya kawo kuɗi cikakke. Ya ce zai ɗaure shi ne a bakin shago dare da rana. Karin Magana 12:10 ta sa kula da dabba cikin halin adali, kuma na ga kulawar ba ta ƙarewa ranar da kuɗi suka shiga hannu.

Ga yadda lissafi ya ƙare. Cinikin ya ja mana ƙarin mako uku, muka yi wa huɗun da suka rage allura ta biyu, muka ƙara abinci. Kashewa ta kai 142,000. Muka sayar da baƙaƙen 40,000 da 40,000 da 35,000 da 30,000, ja ɗaya kuma 12,000. Duka 157,000. Ribarmu naira 15,000 da jan kare ɗaya da ba wanda ya so. Kuɗin makaranta bashi na ci a ƙungiyar ma'aikata, aka yi wata takwas ana cirewa daga albashina. Ba wanda ya buga mini waya da dare ya ce Ubangiji ya aiko shi da 350,000. Na faɗi wannan ne don kada wani ya ɗauka gaskiya wata dabarar samun riba ce. Wani lokaci tana kawo kasuwa, wani lokaci kuma kai za ka biya. Abin da na samu shi ne na iya tsayawa a bagade ran Lahadi, ɗana yana zaune yana kallona.

Tun da na san wasunku suna kiwon karnuka ko suna shirin farawa, bari in ba ku abin da na koya da tsada. Kada ku raba kwikwiyo da uwarsa kafin mako takwas. Ku fara allura daga mako shida, a maimaita bayan mako uku ko huɗu yadda likita ya tsara, domin cutar fabo mai sa amai da gudawar jini tana iya share haihuwa guda cikin 'yan kwanaki. Allurar haukan kare ana yin ta a wata uku, saboda haka ku rubuta wa mai saye ranar a kati, ku kuma kira shi ku tuna masa. Wannan maganar rai ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon haukan kare yana kashe mutum wajen 59,000 kowace shekara, kusan duka ta cizon kare, kuma wajen kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Maganin rigakafin ba nesa yake ba, har a Vom ta Jihar Filato ana yin sa. Wanda ya ce ya yi allura alhali bai yi ba, ko ya cika kati da hannunsa, yana wasa ne da ran ɗan wani. Idan kare ya ciji mutum, a wanke wurin da sabulu da ruwa na minti 15, a tafi asibiti nan da nan.

Kada kuma ku ji kunyar kalmar ruwa biyu. Jan karen da ya rage mana bai damu da zafin watan Maris ba, yana cin abin da muka ci, kuma ko ƙadangare ya taɓa ƙofa sai unguwa ta ji. Irin karen da maman nan take nema ke nan, yana bayan gidana a kulle lokacin da take tambayata. Kayan ba su da laifi. Sunan da na so in sa musu ne ba nasu ba.

Yanzu ku dubi naku kayan. Wayar da aka buɗe aka gyara, kana cewa ba abin da ya taɓa samunta, ko kana yin shiru don ba a tambaya ba. Takalmin da aka ɗauki hotonsa ta gefen da ba a ganin yagewa. Kazar da ka san ta fara sanyi, kana sauri ka rabu da ita. Mutane da yawa suna saye a wurinku ba tare da bincike ba don sun gan ku a ƙungiyar mawaƙa, ko sun san kuna jagorar addu'a. Dillalin nan ya faɗi gaskiya ɗaya, bakinmu ya fi takarda a wurin mutane. Sunan Yesu ne ya ba shi wannan nauyi, kuma duk lokacin da muka yi ciniki da shi, sunansa muke kashewa.

Farashi naka ne. Ka lissafa abin da ka kashe, ka sa wahalarka, ka sa ribarka, ka tsaya a kai. Amma kafin ka karɓi kuɗi, ka tambayi kanka abu ɗaya: akwai abin da na kulle a bayan gida, wanda idan mai saye ya gani zai canza shawara? Idan akwai, ka buɗe ƙofa ka fito da shi. Idan kuma ka riga ka karɓi kuɗin, ka san hanyar gidan mutumin. Na bi irin wannan hanya. Tana da nauyi a tafiya, amma ana dawowa.

Mu yi addu'a. Ya Uba, kai ne kake ganin abin da muka nuna da abin da muka ɓoye. Ka gafarta mana ƙaryar da muka faɗa da wadda muka bar wasu suka gaskata. Ka ba matasanmu aikin hannu mai albarka da zuciyar da za ta iya ɗaukar hasara saboda gaskiya. Ka tsare gwauraye da marayu a unguwanninmu, ka ba Kaduna barci mai daɗi. Cikin sunan Yesu Almasihu. Amin.